Faifai ɗaya, ranar fita biyu: yadda D-A-D suka tsallaka daga Denmak zuwa Amurka

[Hoto: makaɗi a kan dandamali, riƙe da jita mai siffar roka]

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan bawan Allah da kuke gani shi ya jawo shirin yau. Ku lura da jitarsa da kyau, ku ƙirga tsirkiyar. Biyu ce. Sunansa Stig Pedersen, shi ke kaɗa jitar bes a ƙungiyar D-A-D ta ƙasar Denmak, kuma shekara da shekaru haka yake yi, da tsirkiya biyu maimakon huɗu. Turawa na ta mamaki, amma wanda ya taɓa zama gaban mai garaya ko mai gurmi ya san irin aikin da tsirkiya biyu take yi in ta samu hannu.

Tun da muka saka ɗan guntun bidiyonsa, wasunku suka bi sawun ƙungiyar, suka faɗa kan faifansu mafi suna, No Fuel Left for the Pilgrims, sai gardama ta kaure. Wani ya ce a watan Maris na 1989 ya fito, kamfanin Medley ne ya buga shi. Wani ya ce a'a, Satumba ne, kuma na kamfanin Warner Bros. na Amurka ne. Har akwai wanda ya rantse cewa ɗayan jabu ne. To, ku kwantar da hankalinku, babu jabu a ciki. Dukanku kun faɗi gaskiya, kowa da ɓangaren da ya kama. Abin da ya raba ku shi ne kalmar nan da ake rubutawa a gefen kwanan wata na biyu, wai "fitowar ƙasa da ƙasa". Ita za mu zauna a kai yau, domin yawancinmu mun ɗauke ta a kan abin da ba shi take nufi ba.

Amma bari mu san mutanen tukuna, da sauri.

[Hoto: titunan Kopanhegan, tsofaffin hotunan ƙungiyar]

Kopanhegan, 1982. Matasa suka haɗa ƙungiya suka raɗa mata suna Disneyland After Dark, wato filin wasan yara na Disney bayan dare ya yi. Ku riƙe sunan nan, zai dawo mana. Waɗanda suka yi faifan da muke magana a kai su huɗu ne. Jesper Binzer ke waƙa, ƙaninsa Jacob Binzer ke jan babbar jita, Stig da kuka riga kuka gani, sai Peter Lundholm Jensen a kan ganguna. Da farko kiɗansu haɗin gambiza ne, kiɗan makiyayan Amurka masu malfa da aka cakuɗa da hayaniyar kiɗan punk. Faifai biyu suka yi a haka, ɗaya a 1986, ɗaya a 1987, a ƙarƙashin kamfanin Mega. A na uku suka koma Medley, suka zauna da mai tsara sauti Nikolaj Foss, suka ƙara wa jitar nauyi, kiɗan ya koma rok mai kauri sosai. Da Turanci suke waƙa, kodayake harshensu na gida daban ne. A Maris na 1989 faifan ya shiga shaguna a Denmak, ya kama kamar wutar daji.

Denmak a lokacin mutanenta miliyan biyar ne da 'yan kai. Ko kowane gida ya sayi kwafi, akwai inda kasuwar za ta tsaya. Amurka kuwa ta kusa miliyan 250, kuma lokacin nan rok mai nauyi ke tashe a can, ƙungiyar Guns N' Roses na kan ganiyarta, tashar MTV na haska irinsu dare da rana. Manyan kamfanoni na ta farautar wanda zai biyo baya. Nan Warner Bros. ya shigo.

[Hoto: taswirar duniya, an shata layi kewaye da Denmak]

To, ga inda muke yin tuntuɓe.

In aka ce faifai ya fita ƙasashen waje, hoton da ke zuwa wa mutum shi ne kwalaye. An cika su da kaset a Kopanhegan, an loda a jirgin ruwa, an sauke a New York, an raba wa masu shaguna, kamar yadda ake kai buhunan riɗi ko citta. Wannan ma ana yi, amma kaɗan ne. Akwai shaguna na musamman da ke shigo da 'yan kwafi daga waje su sayar da tsada ga masu tsananin so. Ba shi ake kira fitowar ƙasa da ƙasa ba.

Abin da ke tsallaka teku a gaskiya ba ya cika kwali ɗaya. Abu biyu ne: uwar tef, da takarda.

Uwar tef ita ce asalin naɗin da aka kammala a situdiyo, wadda daga jikinta ake buga kowane faifan garmaho, kowane kaset, kowane CD. Takardar kuma izini ce. Tana cewa wane ne ke da ikon bugawa daga wannan uwar tef ɗin, ya sayar, a wace ƙasa, har tsawon wane lokaci. A sana'ar nan duniya ba kasuwa ɗaya ba ce, yanka ta ake yi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da mai shi. Ku ɗauke shi kamar mai gonaki a garuruwa da yawa. Ta kusa da gida yana nomanta da kansa, ya san ƙasarta, ya san lokacin ruwanta. Ta nesa kuwa ba shi da shanun huɗa a can, ba shi da ma'aikata, ba shi da rumbu, sai ya ba wanda ke da su ya noma, a yi rabo a kan sharaɗi. Iri ɗaya ne aka shuka a gonakin biyu. Manoman ne daban, kuma ba lallai su yi shuka rana ɗaya ba.

Medley kamfani ne na gida. Ya san kowane gidan rediyo a Denmak, ya san masu shaguna, ya san 'yan jarida. Amma ba shi da ko ma'aikaci ɗaya da zai shiga gidan rediyo a Texas ko Ohio ya ce a saka masa waƙa. Warner na da masana'antar buga faifai, da ɗakunan ajiya, da motocin rabawa, da rundunar mutanen da aikinsu ke nan, bin gidajen rediyo ɗaya bayan ɗaya, da kuma ƙofar shiga MTV. Shi ya sa kuka ga tambari biyu. Na gida yana ɗauke da Medley, na waje yana ɗauke da Warner. Faifai ɗaya ne, izini ne aka raba.

[Hoto: kalanda, shafuka na juyawa daga Maris zuwa Satumba]

Sai tambayar da ta biyo baya: me ya cinye wata shida?

Na farko, a watan Maris ba a ma kai ga maganar waje ba. Sai da faifan ya fito a gida, ya nuna ƙarfinsa, sannan ciniki ya faɗa. Ciniki irin wannan kuma ba a gama shi a tsaye, lauyoyi ne ke zama a kai. Bayan an sa hannu, babban kamfani yana da layi. Akwai faifan wasu a gabanka, masana'anta na da jadawalinta, sai an buga bango, an shirya bidiyo, an aika waƙa guda gidajen rediyo makonni kafin faifan ya iso don kunne ya saba, an tsara rangadin da ƙungiyar za ta yi gari-gari. In faifai ya riga tallarsa isa shago, ƙura zai sha a kan kanta, mai shago ya mayar da shi inda ya fito.

Kuma cikin wata shidan nan, abu uku suka sami ƙungiyar. Su ne suka sa nake cewa wannan mataki ya fi gaban a kira shi jigilar kaya.

Na farko sunansu.

[Hoto: tsohon suna a jikin fosta, haruffa na gogewa har saura uku]

Shekara bakwai suna yawo da sunan Disneyland a Denmak. Da suka nufi Amurka, inda kamfanin Walt Disney yake da gidansa da lauyoyinsa, sai maganar shari'a ta taso. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Suka ajiye cikakken sunan, suka koma haruffa uku, D.A.D. Ba sabon abu ba ne a wurinsu, domin haruffan na nan a jikin sunan faifansu na 1987, amma daga 1989 suka zama sunan yanka. Ga waɗanda suka tambaya ko "baba" ake nufi, tunda haka haruffan ke karantuwa da Turanci, a'a, taƙaitawa ce kawai. Daga baya aka sauya ɗigon ya koma ɗigo biyu-biyu, sannan ya koma karan da kuke gani yau, D-A-D.

Ni wannan yana taɓa ni. Ka yi shekara bakwai kana gina suna, yara na rubuta shi a jikin jakar makaranta, rana ɗaya a ce ka sauke shi a bakin iyaka in kana so ka wuce. Sun sauke, sun wuce. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi, amma farashi ne, kuma shi suka fara biya kafin a sayar da kwafi ko ɗaya a can.

Na biyu sauti. Wannan ne zai warware wa wanda ya ce ya saurari kwafi biyu ya ji kamar akwai bambanci. Kunnenka lafiya lau yake, malam.

[Hoto: teburin haɗa sauti, yatsu na tura maɓallai sama da ƙasa]

Ku matso ku ga wannan teburin. Kowane layi da kuke gani abu ɗaya yake riƙe da shi. Wannan babbar ganga ce ta ƙafa. Wannan ƙaramar ce mai tsawa. Nan jitar Jacob, nan bes ɗin Stig, nan muryar Jesper. A zamanin ana naɗar su ne a kan tef mai faɗin inci biyu, kowa a layinsa, ba sa haɗuwa. Sai an gama duka, mai haɗa sauti ya zauna ya yanke hukunci: wa zai fito gaba, wa zai koma baya, amsa-kuwwa nawa za a sa wa murya, ganga za ta daki ƙirji ne ko za ta tsaya a nesa. Ku saurara, zan tura wannan maɓallin sama kaɗan.

[Sauti: murya ta fito gaba, sannan ta nutse cikin jita]

Kun ji? Ba wanda ya sake waƙa, ba wanda ya sake kaɗa komai. Kayan miya ɗaya ne, hannun mai girki ne ya sauya.

Don fitowar waje, an miƙa wasu daga cikin waƙoƙin ga Chris Lord-Alge, Ba'amurke mai haɗa sauti wanda aka sani da sauti mai ƙarfi, a dunƙule, irin wanda ke ratsa ƙarar mota in ya fito daga rediyo. Cikin waɗanda ya taɓa har da Sleeping My Day Away, waƙar da aka tura gaba ta buɗe musu ƙofa. Dalilin kamfani a fili yake. Waƙarka za ta fito ne tsakanin waƙoƙin manya biyu a rediyon Amurka, in sautinta ya yi sanyi kusa da nasu, mai mota ya murɗa tasha. Masoyan ƙungiyar har gobe suna musu kan wanne haɗin ya fi. In kun tambaye ni, ku nemi biyun, ku sa abin saurare a kunne, ku bi ganguna kawai a karon farko, a karo na biyu ku bi murya. A nan bambancin irin wannan aikin yake ɓuya.

Na uku kuɗi, kuma nan nake so a buɗe kunne sosai, musamman matasanmu masu waƙa.

An yi ta yayata cewa yarjejeniyar Warner ta kai dala miliyan ɗaya. A Denmak ta 1989 wannan labari ne babba. Mai jin labarin zai ɗauka samari huɗu sun raba miliyan, kowa ya sa kasonsa a aljihu. Ba haka tsarin yake ba. Irin wannan kuɗi kafin alƙalami ne. Kamfani na ba ka shi yau, amma daga kasonka na cinikin gobe zai cire abinsa. Kuma yawanci ba shi kaɗai ake rubutawa a shafinka ba. Kuɗin situdiyo, wani ɓangare na kuɗin bidiyo, kuɗin da aka tallafa maka da shi a rangadi, duk suna iya hawa kan wannan lissafin.

[Hoto: allo, ana rubuta lissafi da alli]

Bari mu yi misali da lamba mai sauƙi, misali ne kawai don a gane. Mu ƙaddara kason mawaƙi dala ɗaya ne a kowane kwafi. An ba ka miliyan. Kwafi nawa za a sayar kafin ka sake ganin sisi? Miliyan ɗaya cif. In aka sayar da dubu ɗari biyu, kai a ganinka ka yi abin kirki, mutum dubu ɗari biyu sun cire kuɗinsu sun sayi aikinka a ƙasar da ba taka ba. A littafin kamfani kuwa saura dubu ɗari takwas a kanka. Sauƙin abin shi ne, a bisa al'ada ba a bin ka gida a ce ka biya daga aljihunka. Amma mai riƙe da littafin yana kallon wannan giɓin duk lokacin da zai yanke shawarar ko ya ƙara zuba kuɗi a kanka. Ke nan girman kafin alƙalami shi ne tsayin katangar da za ka tsallaka. Abin da ya sa jarida ta yi ta murna, shi ne kuma ya ɗaga ma'aunin da za a auna su da shi.

To, yaya ta kaya?

[Hoto: bidiyon waƙa, taron jama'a, motar rangadi a babbar hanya]

MTV ta haska bidiyonsu, rediyon rok ya ɗauki waƙar, suka zaga Amurka. Faifan ya shiga jadawalin Billboard na faifai 200, ya hau har lamba 116. Ga ƙungiyar da ta fito daga ƙasa mai mutum miliyan biyar, wadda wata shida kafin nan ba wanda ya san ta a can, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na son yadda wasu ke ambatarsa da raini. Ga kamfanin da ke neman wanda zai sayar da miliyoyi kuwa, bai kai ba.

Suka sake gwadawa da faifan Riskin' It All a ƙarshen 1991. Kaico, lokaci bai yi musu adalci ba. A Satumbar shekarar 'yan ƙungiyar Nirvana suka saki faifan da ya juya kasuwar gaba ɗaya, idon kamfanoni ya koma birnin Seattle, cibiyar irin kiɗan nasu, irin kiɗan da ake rububi jiya ya zama tsohon yayi. Ƙungiyoyi da yawa ruwa ya ƙare wa ɗan kada a wannan shekarar. Tafiyar D.A.D. da Warner ba ta wuce nan ba.

Yanzu ku dawo kan taswirar nan da muka shata wa layi. Gonar gida tana nan, ba ta cikin abin da ya rushe. Da ƙofar Amurka ta rufe, suna da kamfaninsu na gida, suna da jama'arsu, suna da filayen bukukuwan bazara da ke jiran su. A 1995 suka fito da sabon faifai, suka ci gaba. Peter ya ajiye sandunan ganga a 1999, Laust Sonne ya karɓa, sauran ukun kuma suka ci gaba tare. A 2024 ma sun saki faifai, sama da shekara arba'in da kafuwa. A ra'ayina rabon yankunan nan da ya rikita ku wajen kwanan wata yana cikin abin da ya tsare su. Da duka ƙwansu a kwando ɗaya yake, a hannun ofishin da ke wata nahiya, da labarin zai iya zama daban.

[Hoto: allon waya, sunan waƙa ya dushe, ba ya taɓuwa]

Kada ku ce wannan tarihin zamanin kaset ne. Tun daga Yulin 2015 masana'antar ta amince a riƙa sakin sabbin waƙoƙi ranar Juma'a a duk duniya. Kafin nan Amurka Talata take yi, Birtaniya Litinin. Saboda haka tazarar wata shida irin ta 1989 ta yi wuya yanzu. Amma takardar izinin nan ba ta mutu ba. Duk ranar da ka taɓa waƙa a wayarka aka ce ba ta samuwa a ƙasarka, ita ce ka ci karo da ita. Spotify kansa, dandalin sauraron waƙa ta intanet, sai a 2021 ya buɗe a Najeriya, alhali ya daɗe yana aiki a Turai, kuma samun izinin yanki na cikin abin da ake jira kafin a buɗe irin wannan kasuwa.

Saura masu gardama. In ana tambayar yaushe faifan ya fara fitowa, amsar Maris 1989 ce, a Denmak. In ana tambayar yaushe ya isa kasuwar duniya, Satumba 1989. Wanda kuma ya ci karo da tsohon kwafi a hannu, ya juya bayansa, ya duba ƙasa inda ake ƙananan rubutu. In ya ga Medley, na gida ne. In ya ga garkuwar Warner mai harafin W da B, to wanda ya tsallaka teku ne yake riƙe da shi.

[Hoto: hannu na juya bangon faifai, kyamara ta matsa kan tambarin]